Akuyarki Ce, Amma Mangwaron Nawa Ne

A cikin dabbobin da Bahaushe ke ajiyewa a gida, babu wadda ake tsine wa kamar akuya, kuma babu wadda ake ƙin rabuwa da ita kamarta. Tunkiya idan ka ɗaure ta, inda ka bar ta nan za ka tarar da ita tana kallon bango. Jaki yana da taurin kai, amma nasa a fili yake. Akuya kuwa lissafi take yi. Za ta kwanta a gindin rumbu tana tuƙa, ido a lumshe, alhali ta san inda aka shanya tsaki, ta san wace ce cikin matan gidan ke barin ƙofar madafi a buɗe, ta kuma san cewa da an kira azahar ba za a sami kowa a tsakar gida ba na ɗan lokaci. Uwargida na ta da kabbara, ita kuma tana miƙewa. Kafin a sallame ta ture faifan da aka rufe ƙwarya da shi, ta cika baki, ta koma mazauninta ta kwanta. Garin da ya manne mata a gemu ne kaɗai zai tona ta.

Idan ɓarnar ta tsaya a cikin gida, a bi ta da muciya, a yi dariya, shi ke nan. Idan ta tsallaka danga kuwa, nan ne zumuncin shekara da shekaru ke fara tsami. Duk wanda ya zauna a ƙauye ya san gidaje biyu da suka daina gaisawa, aka bi diddigi aka tarar akuya ce a gindin maganar. Ni dai ra'ayina shi ne akuya ba ta da laifi ko kaɗan, kuma ba mu yi mata adalci ba da muka mai da ita abin zagi. Matsalar tana ga yadda muke kiwonta a yau: mai akuya ne ke cin riba, maƙwabci ne ke biyan wani kaso na abincinta, ba tare da an taɓa shawartarsa ba.

Bari mu fara da ita kanta dabbar. Masu binciken tarihin kiwo sun ce kimanin shekara 10,000 ke nan da aka fara mai da akuya dabbar gida, a tsaunukan Zagros da ke ƙasar Iran ta yau. Kakanninta a kan duwatsu suka rayu, shi ya sa ɗan akuyan da bai cika mako ba za ka gan shi a kan turmi yana neman hanyar hawa katanga. Saniya da tunkiya kansu a ƙasa yake, ciyawa suke bi. Akuya kanta a sama: ganye, toho, fure, ɓawon itace. Ba ta da haƙoran gaba a sama, amma leɓenta yana aiki kamar yatsu, tana iya tsince ganyen magarya ɗaya bayan ɗaya a tsakanin ƙaya ba tare da ta soke ta ba. A kudancin Maroko har kan bishiyar argan awaki ke hawa su ci 'ya'yanta. Saboda haka wanda ya dasa zogale a inda akuya ke wucewa, ya kafa mata daidai abin da aka halicce ta ta nema.

Ana cewa akuya tana cin komai. Gaskiyar ita ce tana ɗanɗana komai, amma ta fi yawancin dabbobi tsantseni. Harawar da ta faɗi ƙasa aka tattake, ko fitsari ya taɓa ta, sai ta shinshina ta juya baya ko da tana jin yunwa. Ruwan da ya kwana da datti ba ta so. Wayonta kuma ba sai an nemo shaida ba, amma ga shi an nemo: a 2014 wasu masu bincike na Jami'ar Queen Mary da ke Landan suka wallafa wani gwaji da suka yi da akwati mai abinci a ciki, wanda sai an ja wani abu da baki, an kuma ɗaga shi, kafin abincin ya faɗo. Awaki 9 cikin 12 suka koyi buɗewa. Bayan wata 10 aka sake kawo musu akwatin, suka buɗe cikin ƙasa da minti biyu. Da masu binciken sun fara biyawa ta Ɗambatta sun tambayi kowace tsohuwa mai sakata a ƙofar rumbu, da ta hutar da su.

Muna da karin magana cewa akuya ta yi wayo da yankakken kunne. Yana nuna mana abin da aka daɗe ana yi wa akuya mai ɓarna. Sai dai wayon da take yi ba shi ne wanda mai gona ke so ba. Ba daina cin shuka take yi ba, gane takun mai gonar take yi, ta riƙa shiga lokacin da ba ya nan.

To me ya sa ake ajiye ta duk da wannan? Domin ita ce asusun macen ƙauye. Cikinta wata biyar ne. Jar akuyar nan tamu, wadda ake kira ta Sakkwato a Najeriya, ta Maraɗi a Nijar, tana yawan haihuwar biyu-biyu, kuma idan ta sami abinci tana iya haihuwa sau uku a shekara biyu. Mace ta sayi 'yar akuya da kuɗin ƙuli-ƙuli ko na adashi, bayan 'yan shekaru tana da garke. Ranar da yaro ya kwanta aka ce a kai shi asibiti, ko aka sa ranar auren 'ya, ko hatsi ya ƙare a rumbu tun gero bai fid da kai ba, ɗan taure ake ja zuwa kara. Ba takarda, ba layi, ba wanda zai ce babu sabis. Polly Hill, Baturiyar da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967 tana nazarin tattalin arzikin ƙauye, ta lura cewa yawancin tumaki da awakin garin na mata ne. Har yau haka abin yake a mafi yawan ƙauyukanmu.

Kuma wannan jar akuya ba ƙaramar dabba ba ce a idon duniya. Fatarta ce majema suka daɗe suna jemewa da bagaruwa, dukawa su rina, fatake su ketara Sahara da ita, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta tashoshin can take isa gare su, suna rufe littattafai masu tsada da ita. Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya ga yadda jemammun fatu da takalma ke fita daga birnin zuwa arewa. A Maraɗi akwai cibiyar gwamnati da aka kafa tun shekarun 1960 domin kula da wannan iri kaɗai, a Shika kusa da Zariya kuma cibiyar binciken dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe tana aiki a kansa. Wannan ita ce dabbar da muke jifa da takalmi.

Mutanen da sun san halinta sarai, kuma sun yi mata tsari. Da ruwan shuka ya sauka, mai shela zai zagaya da umarnin mai gari: kowa ya ɗaure dabbarsa. Daga ranar akuya ta koma turke. Yara su fita da lauje da buhu su yanko ciyawa, mata su ba ta dusa da ƙasari. Idan akwai makiyaya a bayan gari, a haɗa awakin unguwa a ba yaro ɗaya ya kora su ta burtali, masu kwaɗayin cikinsu a sa musu takunkumi har a wuce gonaki. Idan kaka ta yi, aka yanke gero da dawa, aka roro wake, aka ɗaure harawa aka ɗora a kan bishiya ko rufin ɗaki, sai a sake shela: an saki gonaki. Daga nan har bazara ƙasar ta dabbobi ce. Su ci kara da ragowar ganye, su tsinci 'ya'yan gawo, su bar kashinsu a gona. Wata shida na mai shuka, wata shida na mai kiwo, kuma yawanci mutum ɗaya ne ko gida ɗaya.

A Nijar an shigar da wannan al'ada cikin doka. A ƙarƙashin kundin dokokin karkara na ƙasar, hukumomi ne ke sanar da ranar rufe gonaki da ranar sakinsu kowace shekara, kuma wanda dabbarsa ta yi ɓarna kafin ranar saki ya san matsayinsa. Shari'a ma ba ta bar maganar a buɗe ba. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ruwaito cewa taguwar Bara'u ɗan Azib ta shiga shingen wani ta yi ɓarna, Manzon Allah (SAW) ya hukunta cewa tsaron shuka da rana na masu shuka ne, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuma masu dabbobi ne za su biya. Malaman Malikiyya sun ƙara bayani cewa rangwamen rana na wanda ya kora dabbarsa nesa da gonaki ne, ba na wanda ya buɗe mata ƙofa a tsakiyar shuke-shuken mutane ba. A Suratul Anbiya, aya ta 78 da 79, ga labarin Annabi Dawuda da Annabi Sulaimana kan dabbobin da suka kwana suna cin gonar wasu. Masu tafsiri sun ce hukuncin Annabi Sulaimana shi ne mai gona ya riƙe dabbobin yana amfana da nono da gashinsu, mai dabbobi kuma ya yi ta aikin gonar har ta koma yadda take, sannan kowa ya karɓi nasa. A lura: ba a ce mai gona ya yi haƙuri ba. An ce a gyara masa abinsa.

Abin da ya karya tsohon tsarin shi ne rani ya daina zama lokacin da ƙasa ba ta da mai ita. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 aka buɗe noman Kadawa, sannan ƙananan injinan ban ruwa da rijiyoyin bututu suka bazu a fadamu, yanzu kuma ga na hasken rana, watannin da ake sakin dabbobi su ne watannin da tumatir da albasa da alkama ke tsaye kore shar. Makiyayar bayan gari an nome ta ko an yanka ta filaye. Burtali ya tsuke har ya zama hanyar ƙafa. Matasa sun koyi dasa mangwaro da gwaiba da zogale a bayan gida, malaman gona suna koya wa mata shuka alayyafo da kuɓewa a buhu. Duk wannan ci gaba ne, babu mai jayayya. Amma ita akuya ba wanda ya gaya mata an canza doka, kuma mu ma ba mu zauna mun canza ta ba. Muna sakinta da asuba kamar yadda kakanninmu suka yi, cikin garin da ba irin nasu ba.

Ga yadda ake ƙarewa a ƙofar mai unguwa, kuma kowa ya taɓa ganin irinsa. Magidanci ya zo riƙe da igiya, jar akuya na biye da shi tana turjewa, a ɗaya hannun kuma guntun sanda fari tas, wanda jiya dashen mangwaro ne. Ta cinye ganyen, ta ɓare ɓawon tun daga ƙasa har sama.

"Ranka ya daɗe, shekara biyu ina ɗauko wa itacen nan ruwa a jarka. Na kewaye shi da ƙaya, ta ture. Wannan ne karo na uku."

An aika an kira mai akuya, ta zo, dattijuwa ce, mijinta ya rasu, ta durƙusa daga gefe.

"Haba Malam, dabba ce fa, ba ta da hankali. Ni da na sani zan aike ta ne?"

"Iya, ban ce kin aike ta ba. Amma ke kika kwance ta."

Mai unguwa ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya san abin da ke cikin tukunyar kowannensu. "Malam, a yi haƙuri, a bar wa Allah. Iya, ke kuma a riƙa kula." Aka shafa fatiha, kowa ya tashi.

Ana kiran wannan sulhu, amma ni ban ga sulhu a ciki ba. Mutum ɗaya aka ɗora wa dukan asarar, aka kuma rufe masa baki da sunan maƙwabtaka. Idan ya ce a biya shi, ya zama marar mutunci, wanda ya kai tsohuwa ƙara saboda ganye. To ya yi shiru, amma bai huce ba. Karo na huɗu ba zai je ƙofar mai unguwa ba. Akuya za ta dawo gida tana jan ƙafa, ko a tsince ta a bayan gari ciki ya kumbura, an zuba mata wani abu a dusa. A lokacin nan asarar Iya ta ninka kuɗin dashe sau da yawa, gaba kuma ta shiga tsakanin gidaje biyu har 'ya'ya su gada. Haƙurin da ba a haɗa shi da biyan ko kaɗan ba, bashi ne ake tarawa, kuma a jikin dabbar da ba ta san komai ba ake karɓarsa. Akwai wata asarar ma da ba a gani: mutum goma da suka ga abin da ya sami Malam, suka fasa dasa komai. Muna ta taron dashen itatuwa kowace damina, ana ɗaukar hoto, kafin watan azumi ya zagayo babu ko ɗaya a tsaye, kuma kowa ya san inda suka shiga.

Masu cewa a hana kiwo a cikin gari gaba ɗaya, ko a kama duk dabbar da aka gani a titi a ci mai ita tara mai nauyi, ba na tare da su. Irin wannan doka a kan Iya take sauka, ba a kan alhajin da ke da katangar bulo da buhunan dusa ba. Raba matalauciya da akuyarta raba ta ne da abu ɗaya da take iya sayarwa ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Kuma cewa kawai "a ɗaure" ba magani ba ne. Mun sha ganin akuyar ɗaure da igiya taku biyu, ta zagaye turke har ta shaƙe, igiya ta ci mata ƙafa, rana ta juyo ta bar ta ba inuwa, kaskon ruwa ya kife tun hantsi. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba, yana cikin Bukhari da Muslim, kuma ban ga dalilin da zai sa ya tsaya kan kyanwa ba. Mace ba don mugunta take sakin akuyarta ba. Tana sakinta ne don ba ta da abin ba ta.

Nan ne nake ganin an bar wani mutum a bayan labule, wato maigida. Masu nazarin noma irin su Michael Mortimore sun daɗe suna tambayar yadda gonakin kewayen Kano ke ba da amfani shekara bayan shekara ba tare da an bar su sun huta ba. Binciken da Frances Harris ta yi a ƙauyen Tumbau a shekarun 1990 ya nuna babban ɓangaren amsar: harawar wake da ta gyaɗa na shigowa gida daga gona, tumaki da awaki su ci a turke, takinsu ya taru wuri ɗaya, a loda a mangala jaki ya mayar gona. Ciniki ne tsakanin miji da mata ko da ba a taɓa furta shi ba. Dabba tata, taki nasa, harawa kuma daga gonarsa take fitowa. Yau da harawa ta yi daraja, magidanta da yawa suna ɓoye ta sai bazara ta yi tsanani su kai kasuwa, masu kiwon ragunan layya su saye. Amma idan lokacin kai taki ya yi, ba sa mantawa da hanyar garke. Idan kuma aka zo da ƙara, sai ka ji, "Ai akuyar mata ce." Wanda ke kwashe taki, ya ci naman suna, ya ranci kuɗin taure ranar da ya rasa na cefane, yana da kaso a cikin ciyarwa da kuma biyan ɓarna. Ga shi kuma ko ta fuskar riba, akuyar da ke yawon gari a kan titi take zubar da takinta, alhali buhun takin zamani ya gagari mutane saye.

Garke mai kyau ba ya bukatar kuɗi masu yawa, yana bukatar sanin hali. Bini-da-zugu da aguwa, waɗanda kakanni suka riƙa kafawa a bakin gona, akuya ba ta cin su, kuma reshe kawai ake yanka a soke a ƙasa. A bar mata wurin hawa a ciki, ko tsohon turmi ne ko ɗan tudu, don idan ba ta sami abin hawa ba katanga za ta hau. A rataye harawa da igiya daidai kanta maimakon a zube ta a ƙasa, asarar da ake yi za ta ragu. A sa mata kanwa, a yi mata rumfa, domin babu abin da ta ƙi kamar ruwan sama da danshi. Kada a bar ta ita kaɗai, akuya ɗaya tilo ta fi garke kuka da neman hanyar fita. Bunsurun da ba a bukata don barbara a mai da shi taure, ya huta kowa ya huta. Abu mafi wuya kuma shi ne mutum ya daidaita yawan dabbobinsa da yawan harawarsa. Awaki huɗu masu ƙoshi sun fi goma da ke rayuwa a kan bola.

Bola kuwa ita ce ta sa sakin akuya ya daina zama alheri ko ga ita akuyar. A tambayi mahauta abin da suke fitarwa daga tumbin dabbobin gari: leda a dunƙule, ta nannaɗe da igiya da tsumma. Dabbar tana ci tana ramewa, mai ita na sayen maganin tsutsa, ba ta san ciki ya riga ya cika da abin da ba ya narkewa ba. Ban da leda akwai ɗanyen ɓawon rogo, da gyauron dawa mai ɗanyen toho, da buhun hatsin da ta samu a buɗe ta ci har ciki ya kumbura. Kowanne yana iya kashe ta a wuni ɗaya.

Sauran dabbobin gida ba waliyyai ba ne, sai dai ɓarnarsu ba ta kai ƙofar mai unguwa. Kaji su tone irin da aka yafa. Agwagwa ta mai da bakin randa fadama. Zabuwa ta tafi gonar maƙwabci ta yi ƙwai talatin a cikin ciyawa, a zo ana gardamar na mai tsuntsuwa ne ko na mai gona, kuma ko an kwaso su kaza za a sa wa, don ita ba ta iya reno ba. Jaki kuwa yanzu ba ɓarnarsa ake tsoro ba, satarsa ake tsoro, tun da cinikin fatarsa zuwa Sin ya sa Nijar ta hana fitar da shi a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta amince da hana yanka shi don fata a 2024. Gidan da ke da waɗannan duka yana da wani tsari nasa: abin da akuya ta zubar kaza ta tsince, abin da kaza ta bari tattabara ta ɗauka, albarkacin kaza ƙadangare ya sha ruwan kasko.

Wani abin dariya, a Amurka akwai wani irin gajerun awaki da ake kira da sunan Najeriya, asalinsu daga gajerun awakin kurmin Afirka ta Yamma, mutane na ajiye su don sha'awa da ɗan nono, suna raɗa musu suna, suna gina musu wurin tsalle. Kada mu yi musu dariya da yawa. Mu ma akwai gidan da ɗan akuyan da uwarsa ta mutu aka shayar da shi da cokali, ya tashi yana bin yarinyar gidan har bakin makarantar allo, yana kwana a ƙofar ɗakinta. Ranar da dillali ya zo, sai an aike ta wani gida tukuna. Sabo da kaza ba ya hana yanka ta, haka ne, amma ba ya hana kuka ma. Kuma irin wannan shagwaɓaɓɓen shi ya fi kowa ɓarna, don ba ya tsoron mutum, ya san kowane ɗaki, kuma duk wanda ya ɗaga masa hannu zai gamu da mai shi. Bambancinmu da mutanen can shi ne su tun kafin su sayo dabbar suke kafa shinge, saboda sun san maƙwabci ba zai shafa fatiha ya tafi ba.

Abin da nake so masu unguwanni da dagatai su ɗauka ba sabon abu ba ne, tsohon aikinsu ne da suka saki. Kuma akwai ranar da ta dace a yi shi, wato ranar rigakafi. Annobar nan ta awaki da tumaki, mai zuwa da zazzabi da majina da gyambon baki da zawo, wadda likitocin dabbobi ke kira PPR, tana iya share garke cikin mako biyu, kuma dabbobin da ke cuɗanya a titi da waɗanda aka sayo daga kara aka saka cikin garke ranar nan su ne hanyarta. Tun 1942 aka fara gane ta a Kwaddibuwa. Allurar rigakafinta da ake amfani da ita a ƙasashe da yawa daga ƙwayar cutar da aka samo a Najeriya a 1975 aka sarrafa ta, cibiyar Vom da ke Filato tana yin ta, kuma allura ɗaya na kare dabba aƙalla shekara uku. Hukumomin duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar kawar da ita, kamar yadda aka ga bayan bushiyar shanu a 2011. Kwalba ɗaya ta dabbobi da yawa ce, idan an haɗa ta kuma ba ta jimawa, don haka dole sai unguwa ta tara awakinta wuri ɗaya rana ɗaya malamin dabbobi ya zo.

A ranar kowace mai akuya tana wurin riƙe da igiyarta, a kira mazajensu, a kira masu lambu da masu dashe. A faɗi watannin ɗauri na rani kamar yadda ake faɗin na damina, a ware inda za a riƙa kora dabbobi da wanda zai kora su da abin da za a ba shi. A amince cewa wadda ba ta da kuɗi za ta iya biya da kwandon taki, ko ɗanta ya ɗebo wa sabon dashe ruwa har ya kama. Sannan a yanke nawa ne kuɗin mangwaro mai shekara biyu, tun ba a san akuyar wa za ta ci shi ba.